Manomin Gyaɗa na Plains: Nazari a Kan Shekara 100 na Jimmy Carter

Jimmy Carter ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100 a duniya, a cikin gidan da shi da matarsa suka gina tun farkon shekarun 1960 a garin Plains na jihar Jojiya, kudancin Amurka. Duniya ta san shi a matsayin shugaban Amurka na 39, kuma akasarin ta'aziyyar da aka yi a kan haka ta tsaya. Amma mulkin nan shekara 4 ne kacal. Ya yi shekara 7 yana sojan ruwa, ya riƙe gona da sito daga 1953 har ya zama gwamnan jihar Jojiya a 1971, sannan bayan ya sauka daga shugabancin ƙasa ya ƙara kusan shekara 44 yana zaune a garin da mutanensa ba su kai 1,000 ba.

Abin da nake son bin diddiginsa a nan shi ne wannan: sau biyu mutumin nan ya koma ƙauye alhali yana da halin zama duk inda ya ga dama, kuma hidimar da ta fi amfanar talakawa a duk rayuwarsa daga wannan komawar ta fito.

Gonar Archery

An haife shi ranar 1 ga Oktoba, 1924. Mahaifinsa, James Earl Carter, manomi ne mai kanti, mahaifiyarsa Lillian kuma ma'aikaciyar jinya ce. Yana ɗan shekara 4 suka tashi zuwa Archery, wani ɗan ƙauye mai nisan kusan mil 3 daga Plains. Gidan babu ruwan famfo, babu lantarki. Wuta ba ta iso ba sai 1938, lokacin yana ɗan shekara 14. Auduga da gyaɗa da masara ake nomawa, da alfadarai ake huɗa, kuma ƙararrawar gona ce ke tada kowa tun kafin gari ya waye. Yana ƙarami ya fara tallar dafaffiyar gyaɗa a titin Plains.

Kusan duk maƙwabtansu baƙaƙen fata ne, wasu na noman kashi-mu-raba a filin mahaifinsa, wasu na ƙodago. 'Ya'yansu ne abokan wasansa, tare suke su, tare suke aikin gona, amma dokar wariyar launin fata ta raba musu makaranta da majami'a. A cikin gidan ma ra'ayi biyu ne. Uban ya yarda da tsarin wariyar kamar yawancin turawan yankin a zamaninsa, uwar kuwa tana shiga gidajen baƙaƙe ta yi musu jinya ba ta damu da abin da za a ce ba. Duk wanda ke son fahimtar inda Carter ya yi jarumtaka da inda ya yi sanyi daga baya, to daga wannan gida zai fara.

Sojan da ya ajiye kaki

Ya kammala makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa ta Annapolis a 1946, ya auri Rosalynn Smith, 'yar garinsu, ranar 7 ga Yuli na wannan shekara. Yaƙin Duniya na Biyu ya riga ya ƙare kafin ya fito, don haka aikinsa na soja ba na fagen daga ba ne. A jiragen yaƙi masu nutso a ƙarƙashin teku ya yi aiki, kuma a 1952 aka ɗauke shi cikin shirin babban hafsan sojan ruwa Hyman Rickover na ƙera irin waɗannan jirage masu aiki da makamashin nukiliya.

Haɗarin da ya fuskanta a kakin soja ya zo ne ta wata hanya dabam. Ranar 12 ga Disamba, 1952, tukunyar nukiliya ta Chalk River a lardin Ontariyo na Kanada ta samu mummunar matsala, wani sashe na cikinta ya narke. Carter, yana ɗan shekara 28, ya jagoranci wata tawagar sojan ruwan Amurka cikin masu aikin kwance ta. Tururin gubar ya yi ƙarfin da ba a barin mutum ya wuce daƙiƙa 90 a ciki. Sai aka gina kwatankwacin na'urar a waje, kowa ya yi ta maimaita aikinsa har hannunsa ya saba, sannan ya ruga ciki ya kwance noti ɗaya ko biyu ya fito. Shi ma ya shiga nasa layin.

Hanyar ƙarin girma a buɗe take gabansa lokacin da mahaifinsa ya kwanta da sankarar da ta yi ajalinsa a watan Yuli na 1953. Da ya je gida jinya, ya ga yadda mutane, farare da baƙaƙe, ke ta sintiri suna gaishe da tsohon, ya kuma ji labarin taimakon da ya riƙa yi wa mutane a ɓoye wanda ko iyalinsa ba su sani ba. Shi da kansa ya sha faɗa daga baya cewa a nan ne ya auna rayuwarsa da ta mahaifinsa, ya ga ta tsohon ta fi tasiri a kan mutane. A watan Oktoba ya bar aikin soja.

Rosalynn ba ta so ba ko kaɗan. Ta ɗanɗana zaman garuruwa dabam-dabam da cin gashin kanta, ga shi za a mayar da ita ƙauyen da ta baro, kusa da uwa da suruka. Ta sha ba da labarin cewa da ƙyar ta yi masa magana a duk tsawon hanyar komawa. Ina ganin ya kamata a riƙa ambaton wannan, domin shawarar da ake yaba masa ya yanke ta ne ba tare da ya nemi yardar matarsa ba, kuma shi ma ya amsa daga baya cewa bai kyauta ba.

Gadon bai zo da kuɗi a hannu ba. Bayan an raba dukiya an yafe basussukan da tsohon ke bin mutane, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, har sai da suka zauna shekara guda a gidajen da gwamnati ke gina wa masu ƙaramin ƙarfi. A 1954 aka yi fari. Manoman da suka karɓi taki da iri bashi suka kasa biya, ribar shekarar gaba ɗaya ba ta kai dala 200 ba. Hafsan da ya san lissafin nukiliya ya koma yana ɗaukar buhun taki a kafaɗa, yana halartar darussan aikin gona don ya koyi abin da ya manta da wanda bai taɓa sani ba. Rosalynn ta koyi ajiye lissafi ta riƙe littattafan kasuwancin, har ta kai ta fi shi sanin ɓangaren da ke kawo riba da wanda ke cin kuɗi. Sannu a hankali sitonsu ya zama wurin da manoman yankin ke sayen ingantaccen irin gyaɗa da taki, su kuma kawo amfanin gonarsu a saya.

Inda ya tsaya da inda ya yi shiru

Shekarar farin nan ce kuma kotun ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. Turawan kudu suka tayar da ƙayar baya, suka kafa ƙungiyoyin kare wariya a gari-gari. Aka zo wa Carter ya shiga ta Plains, ya ƙi. Aka dawo masa da cewa shi kaɗai ne bature a garin da bai shiga ba, har ana cewa za a biya masa kuɗin rajista, ya sake ƙi. Wasu abokan cinikinsa suka ƙaurace wa sitonsa na ɗan lokaci. Ga mai ƙaramin jari da ya dogara da manoman gari ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka a 1965, da majami'arsu ta jefa ƙuri'a kan hana baƙaƙe shiga ibada, iyalinsa na cikin 'yan tsirarun da suka ce ba su yarda ba.

Amma hoton yana da ɗaya gefen. Ya shiga hukumar ilimi ta gundumar Sumter, inda Plains take, a 1955, har ya shugabance ta, kuma a duk zamansa makarantun a rabe suka ci gaba da zama, 'ya'yan baƙaƙe na karatu a gine-gine marasa kyau da tsofaffin littattafai. Ya yi ƙoƙarin gyara wasu abubuwa, amma bai fito fili ya yaƙi rabuwar ba. A takarar gwamna ta 1970 kuwa ya nemi ƙuri'un masu ra'ayin wariya da salon kamfen da ya ɓata wa masoyansa da yawa rai. Sai ranar rantsar da shi a Janairun 1971 ya tsaya gaban jama'a ya ce zamanin nuna bambancin launin fata ya wuce. Maganar gaskiya ce, kuma ya bi ta da aiki, ya naɗa baƙaƙe da yawa a muƙaman jiha. Sai dai hanyar da ya bi ya isa wannan dandamali tana da tabo, kuma girmama mamaci ba ya buƙatar a share tabon.

Shekarunsa a fadar White House, 1977 zuwa 1981, an yi ta rubutu a kansu, ba sai na daɗe a nan ba: sulhun Camp David tsakanin Masar da Isra'ila a 1978, yarjejeniyar mayar wa Panama mashigin ruwanta, hauhawar farashi a gida, da Amurkawan da aka yi garkuwa da su a Iran kwana 444. Ronald Reagan ya kayar da shi mummunan kaye a zaɓen 1980.

Komawa ta biyu

Ya dawo Plains yana da shekara 56, ya tarar kasuwancin da ya damƙa wa amintattu lokacin mulki ya afka bashin fiye da dala miliyan 1. Dole ya sayar da siton. Gonakin dai ya riƙe. Tsohon shugaban Amurka yana iya tara dukiya mai yawa ta hanyar zama a hukumomin manyan kamfanoni da yin jawabai masu tsada. Carter ya zaɓi rubuce-rubuce su zama hanyar samunsa, ya ci gaba da zama a gidansa mai hawa ɗaya.

Zaman nasa a garin ba na baƙo mai hutawa ba ne. A majami'ar Maranatha, wadda aka kafa a 1977 bayan rabuwar kai a tsohuwar majami'ar garin da batun karɓar baƙaƙe ke ciki, ya riƙa koyar da darasin ranar Lahadi shekaru da dama, yana karɓar nasa layin yankan ciyawar harabar. Da yake gwanin sassaƙar katako ne, da hannunsa ya yi farantan karɓar baiko da gicciyen da ke cikinta. Daga 1984 shi da Rosalynn suka fara ba da mako guda kowace shekara ga ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda ta samo asali a Americus, kusa da Plains, suna gina wa marasa galihu gidaje. Aikin da ke ɗauke da sunansu ya taɓa gidaje fiye da 4,000 a ƙasashe 14. A 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida har aka yi masa ɗinki 14 a goshi, washegari aka gan shi a wurin gini a Nashville da kumburarren ido yana aiki. A 2017 kuma ya ba da hayar eka 10 na gonarsa aka kafa allunan sola da ke iya samar da fiye da rabin wutar da garin ke sha.

Duk waɗannan abin yabo ne, amma da su kaɗai ne da sai a ce dattijon kirki ne da ya kyautata wa garinsu. Abin da ya ɗaga lamarin ya wuce haka shi ne kurkunu.

Cutar da manomi ne zai gane nauyinta

A 1982 shi da Rosalynn suka kafa Cibiyar Carter a Atlanta tare da jami'ar Emory. A 1986 cibiyar ta karɓi jagorancin yaƙin kawar da kurkunu daga doron ƙasa. A lokacin an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa duk shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya.

Yadda cutar ke aiki shi ne ya sa manya ba su damu da ita ba. Ƙwayayen tsutsar suna zaune ne a cikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa da ido ba ya gani sosai, a tafki ko kududdufi. Mutum ya sha ruwan, ba ya jin komai har kusan shekara guda. Sannan macen tsutsar, wadda tsawonta kan kai mita 1, ta huda fata ta fara fitowa, galibi a ƙafa, da zafi kamar wuta. Mai ciwon ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba dubban ƙwayaye, shekara mai zuwa wasu su kamu. Babu allurar rigakafi, babu maganin sha. Sai dai a naɗe ta a tsinke ana ja kaɗan-kaɗan kullum, makonni ana yi, ana kaffa-kaffa kada ta tsinke a ciki ciwon ya rikiɗe. Ba kasafai take kisa ba, ba ta kuma shiga birnin da ke da famfo. Shi ya sa ba ta da mai magana a madadinta a ofisoshin da ake raba kuɗin lafiya.

Amma ka dubi lokacin da take kwantar da mutum. Da yake shekara guda take ɗauka, tana fitowa ne a daidai lokacin da aka sha ta bara, kuma a wurare da yawa wannan ya dace da lokacin shuka ko girbi. Magidanci ya kwanta wata biyu a tsakiyar damina, to shekarar ta tafi. Yara su bar makaranta su riƙe fartanya ko su yi jinya. Mutanen Dogon na Mali suna kiranta cutar da ke barin rumbu wayam. A ganina wannan ne ya sa ta kama zuciyar Carter fiye da yadda ta kama ta sauran manyan duniya. Wanda ya ga abin da damina ɗaya da ta lalace ta yi wa manoman Sumter a 1954 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan ma'anar rasa hannun aiki a watan noma. A 1988 ya je wasu ƙauyuka a Gana ya ga cutar da idonsa, har da wata matashiya da tsutsar ke fito mata ta nono, kuma ya ci gaba da ba da wannan labari har tsufansa.

Hanyar yaƙin ma irin ta malamin gona ce, gida-gida, ƙauye-ƙauye. A raba ƙyallen tace ruwa, a koya wa mata yadda za su tace duk abin da za a sha. A ba makiyaya da matafiya ɗan bututu mai matata da za su rataya a wuya su zuƙi ruwa da shi. A zuba maganin Abate a tafkuna don kashe ƙwarin. A haƙa rijiyar burtsatse inda hali ya yi. Mafi muhimmanci, a samu ɗan sa-kai a kowane ƙauye da zai gano mai ciwon da wuri, ya wanke masa, ya ɗaure, ya hana shi shiga ruwan sha. Likita Donald Hopkins, wanda ya yi aiki a yaƙin kawar da agana, shi ya tsara dabarun. Aikin Carter shi ne buɗe ƙofofin da likita ba zai iya buɗewa ba: ya zauna da shugabannin ƙasashe ya sa su ɗauki abin da muhimmanci, ya nemo tallafin kamfanoni, ya jawo tsofaffin shugabanni cikin tafiyar, kamar Amadou Toumani Touré a Mali da Janar Yakubu Gowon a Najeriya. A 1995 ya shawo kan gwamnatin Sudan da 'yan tawayen kudu suka tsagaita wuta na watanni don ma'aikatan lafiya su isa ƙauyukan da yaƙi ya toshe.

Sakamakon yana cikin alƙaluma. Najeriya, wadda binciken 1988 zuwa 1989 ya gano tana da masu cutar fiye da 650,000, ta ga na ƙarshe a 2008, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da ita a 2013. Indiya ta samu wannan shaida a 2000, Gana a 2015. A duk duniya mutum 13 aka samu a 2022, mutum 14 a 2023. Lambar yabo ta Nobel da aka ba shi a 2002 ta ambaci sulhu da dimokuraɗiyya da haƙƙin ɗan Adam da ci gaban al'umma, amma in aka tambaye ni aikin da ya fi canza rayuwar mutane masu yawa kai tsaye, wannan zan nuna. Bai kuma tsaya ga lafiya ba: a 1986 ɗin ya haɗa kai da masanin iri Norman Borlaug da attajirin Japan Ryoichi Sasakawa suka kafa shirin koya wa ƙananan manoman Afirka amfani da ingantaccen iri da taki ta hanyar gonakin gwaji, shirin da manoma da yawa suka sani da sunan Sasakawa.

A watan Agusta na 2015 ya sanar cewa sankarar fata ta bazu zuwa hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. A taron manema labaran da ya yi, da aka tambaye shi burinsa, ya ce yana so kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Magani ya karɓe shi, ya ƙara shekara 9. A Fabrairun 2023 ya daina zuwa asibiti ya zaɓi a kula da shi a gida. Rosalynn ta rasu ranar 19 ga Nuwamba, 2023, bayan shekara 77 da aure, aka kawo shi jana'izarta a keken marasa lafiya. Da nasa lokacin ya yi, ayarin gawarsa ya tsaya a gonar Archery aka kaɗa tsohuwar ƙararrawar gonar sau 39, aka yi masa jana'izar ƙasa a Washington ranar 9 ga Janairu, 2025, aka dawo da shi Plains aka binne kusa da matarsa.

Burin nasa bai cika ba. Tsutsar tana nan a Chadi, Mali, Habasha, Sudan ta Kudu da Angola, ana kuma samunta a kan iyakar Kamaru. Abin da ya dagula lissafin shi ne gano ta a jikin karnuka a Chadi tun 2012, a ƙauyukan masunta na gaɓar kogin Chari, inda ake kyautata zaton suna kamuwa ta hanyar cin ɗanyen kayan cikin kifi. Kare ba ya tace ruwa, ba a kuma iya yi masa wa'azi. Don haka yanzu ana biyan mutane lada su ɗaure karnukansu a lokacin da cutar ke fitowa, ana koya wa masu gyaran kifi su binne ko su ƙone kayan cikin, ana ba da tukwici ga duk wanda ya kawo rahoton mai ciwo, mutum ne ko dabba. Kafin a ce wata ƙasa ta rabu da cutar, sai ta yi aƙalla shekara 3 a jere ba a ga ko ɗaya ba duk da ana nema da gaske, kuma wasu daga cikin wuraren da suka rage suna cikin yankunan da rikici ke hana ma'aikata shiga.